Rowar Sani Ba Sana'a Ba Ce

'Yan'uwana matasa, abin da na gani shekaranjiya shi ya hana ni yin shiru. Wani yaro ne da bai daɗe da fara kiwo ba, tunkiyarsa ta ci ɗanyar ciyawa mai raɓa, cikinta ya kumbura ta ɓangaren hagu, in ka buga sai ka ji kamar ganga. Tana tsaye tana nishi, ta daina tuƙa. A gabana ya kira wani tsaranmu da ya karanci kiwon dabbobi, yana roƙonsa don Allah ya gaya masa abin yi. Amsar da ya samu ita ce wai sirrin sana'a ne, ba a faɗa a waya. Kafin a nemo wani, tunkiya ta mutu. Alhali da an ɗura mata man girki kaɗan a hankali, an ɗaga gabanta, an riƙa zagayawa da ita, da wataƙila ta jira isowar likita.

Wane sirri? Kai da ka ce sirri ne, ina ka samo shi? Ba wasu ne suka rubuta suka ajiye a fili ka je ka karanta ba? Cibiyar binciken dabbobi ta duniya, ILRI, da ke da hedikwata a Nairobi, tana zuba rahotanninta a rumbun intanet na CGSpace, kowa ya sauke ba ko sisi. Ga Feedipedia, inda masana daga Faransa da hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, suka tara bayanin ɗaruruwan nau'in abincin dabbobi, me ke gina jiki, me ke da guba in ya yi yawa. Ga DAD-IS na FAO, inda ƙasashe ke rubuta irin shanu da awaki da tumakin da suke da su. Mutanen da suka ƙarar da rayuwarsu a bincike sun buɗe rumbu sun ce a ɗiba, kai da ka ɗebo cikin cokali ka sa kwaɗo ka kulle.

Kuma rowar nan kala-kala ce. Akwai ɗalibin da ya yi watanni yana bin makiyaya yana tambaya, suka ba shi lokacinsu da saninsu, ya rubuta kundi, ya karɓi takardar shaida, kundin kuwa yana cikin kabad gara na ci. Akwai wanda in an yi tambaya a zauren WhatsApp sai ya ce a same shi a gefe, don kada saura su ƙaru. Akwai wanda ya naɗi muryar kakansa yana bayanin yadda ake gane shekarun saniya ta haƙori, da ganyen da ake nisanta garke da shi, ya bar ta a waya shi kaɗai. Waya ta faɗa ruwa, tsoho ya riga mu gidan gaskiya, shi ke nan. Da na sani ƙeya ce. Ban ma son in shiga zancen masu tsayawa jikin ragon wani su ɗauki hoto su kira kansu manyan masu kiwo, ko masu tallan allurar da ba su san sunanta ba suna cewa tana maganin komai. Waɗannan kam bakinsu ba ya rufuwa, sai mai sanin gaskiya ne ke ƙunshe nasa.

Ku tuna cutar bushiya. A ƙarshen ƙarni na 19 ta shigo Afirka ta kashe mafi yawan shanun nahiyar, yunwa ta biyo baya. A shekarar 2011 aka ayyana cewa an kawar da ita daga doron ƙasa. Allurar rigakafi ta yi aikinta, amma a ƙarshen yaƙin, a Gabashin Afirka, sai da likitoci suka zauna da makiyaya suka saurare su, domin su suka san inda cutar ke ɓuya da hanyar da garke ke bi. Da waɗannan makiyayan sun ce sirri ne fa? Cuta ba ta san shinge ba. Ciwon huhu ko boru da ya kama garken maƙwabcinka yau, gobe yana naka. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa, kuma ruwan a nan shi ne ka gaya masa abin da ka sani tun da wuri.

Ban ce kowa ya yi aiki kyauta ba. Likita ya karɓi ladan zuwansa, halas ne. Amma kalma biyu da za ta riƙe ran dabba ba abin sayarwa ba ce, kuma mun sha jin gargaɗin da aka yi wa wanda aka tambaye shi ilimi ya ɓoye. Abin da kuka sani ku rubuta shi, ku naɗe shi da harshen da makiyayi ke ji, tunda yawancin abin da ke rumbunan nan da Turanci da Faransanci yake, ku sa inda kowa zai samu, da izinin masu shi da sunayensu a kai.

Abin da ke ci mini rai shi ne mutanen da ba su da waya ba su da intanet, amma sun fi mu sakin hannu. Makiyayi ya haɗu da baƙon da bai taɓa gani ba a mashaya, ya dubi saniyarsa ya ce, ɗan'uwa, hancin nan ya bushe, gashin ya tashi, ware ta daga cikin saura. Ba ya jiran godiya. Tsoho ya buɗe wa yaro fatar idon akuya ya nuna masa yadda take yin fari in tsutsar ciki ta shanye jini, ya maimaita har sai yaron ya gane. Irin waɗannan dattawan suna ta ƙarewa, kowanne yana tafiya da abin da ke kansa, mu kuma da muke riƙe da na'urar da za ta adana shi muna can muna ƙirga masu bibiyarmu. Yaron nan tumaki uku ne da shi, yanzu saura biyu, kuma har yau ba wanda ya zaunar da shi ya gaya masa ya daina sakinsu a ciyawa kafin raɓa ta bushe.