Kitsen alade a bidiyo, kitsen saniya a kwata: ina matsalar masu haɗa sabulu take?

Kwanakin baya 'yar ƙanwata, wadda ta fara haɗa sabulu a gida a unguwar Pantami, ta zo mini da wayarta. Wata Ba'amurkiya ce a bidiyo tana narka wani farin kitse, tana ta yabon yadda sabulunsa yake da laushi a jiki. "Kawu, wai kitsen alade ne. To mu yaya za mu yi?" Na ce mata ta kwantar da hankalinta, mazaunin Gombe bai kamata ya rasa kitse ba. Amma tambayar ta ci gaba da yi mini yawo a rai, domin na lura mun iya tayar da jijiyar wuya kan abin da bai cika shafarmu ba, mu bar wanda yake ƙona hannun matanmu kullum.

Matan karkara a Amurka da Turai sun riƙi kitsen alade ne saboda shi suke da shi a bayan gida. Idan an yanka alade a farkon sanyi, a ci nama, a narka kitse, abin da ya ragu a haɗa shi da ruwan toka a yi sabulu. Babu wani sirri a jikin dabbar. Kakanninmu ma haka suka yi da ruwan toka da man kaɗe ko kitsen dabbar da suke kiwo. Wani masanin sinadarai ɗan Faransa, Michel Chevreul, shi ya bayyana abin da yake faruwa a tukunyar tun 1823: soda, wato sinadarin nan mai ƙuna da ake haɗa sabulu da shi (caustic soda), tana farfasa kitse, wani ɓangare ya zama sabulu, wani ya zama gilisarin. Kowane mai, kowane kitse, haka yake yi.

Ta fuskar addini kuwa, malamai sun daɗe da tattauna abin da suke kira istihala, wato najasa ta rikiɗe ta koma wani abu dabam. Hanafiyya suna ganin rikiɗewar tana tsarkakewa, kuma wani taron malamai da likitoci da aka yi a Kuwait a 1995 ya tafi a kan cewa sabulun da aka samu ta wannan hanya mai tsarki ne. Wasu mazhabobin ba su yarda ba. Ni dai ba malami ba ne, kuma ban ga dalilin da zai sa mai haɗa sabulu a Bolari ta tsoma kanta cikin wannan saɓani ba. Wannan muhawarar ta mai sayen sabulun kanti ce, shi ma ya duba jikin kwali: idan an rubuta sodium tallowate, kitsen saniya ko tunkiya ne, sodium lardate kuwa na alade ne. A kudancin jihar, wajen Ɓilliri da Kaltungo, akwai 'yan uwanmu Kiristoci masu kiwon alade. Wanda ya yi sabulu da kitsensa don gidansa, wannan lamarinsa ne. Idan zai kai kasuwa, adalcin ciniki shi ne ya faɗa wa mai saye.

Mu kuwa kitsen saniya yana nan a kwata, sau da yawa da araha. Ya ma fi na alade ba da sabulu mai tauri wanda ba ya saurin narkewa a banɗaki. Na gefen ƙoda shi ne mafi kyau. A yayyanka shi ƙanana, a ɗora a wuta kaɗan da ɗan ruwa da gishiri, a tace da ƙyalle, a bari ya kwana. Da safe za a ga ya daskare a sama fari fat, dattin ya kwanta a ƙasa. Mai son ƙarnin ya tafi sosai sai ta maimaita sau biyu. Aibinsa ɗaya, kumfarsa ba ta tashi da yawa, kuma matanmu da kumfa suke auna sabulu, shi ya sa ake surka shi da alayyadi ko man kwakwa.

A wajen surkin nan ne haɗarin yake. Kowane mai da adadin sodar da yake ci. Kilo ɗaya na kitsen alade yana neman soda kusan giram 140, na saniya ma kusan haka, saboda haka ana iya musanya su ba tare da wata ɓarna ba. Man kaɗe kuwa kusan giram 128 yake ci, man kwakwa ya haura 180. Yarinya ta ga awon kitsen alade a bidiyo, ta ce a'uzubillahi, ta zuba man kaɗe a madadinsa amma ta bar sodar yadda take. Ta tsere wa najasa, ta bar ragowar soda a cikin sabulun da za a wanke jariri da shi. Idan ta zuba man kwakwa kuma, sabulun ya fito da laushi, yana nason mai, jari ya tafi a banza.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne irin koyarwar da ake yi a tarukan koyon sana'a na kwana biyu. A ce wa mata soda gwangwani kaza, mai kwalba kaza, a raba takardar shaida, a ɗauki hoto, kowa ya watse. Gwangwani awon gero ne. Soda kuwa sikeli take so, kuma ƙaramin sikelin kicin bai kai kuɗin atamfa ba. Duk mai shirya irin wannan horo, gwamnati ce ko ƙungiya, da ya rage kuɗin lemo da allon talla ya saya wa kowace mace sikeli da safar hannu da tabarau, da ya fi.

Sauran ka'idojin ba su da yawa. Soda ake zubawa a cikin ruwa, ba a zuba ruwa a kan soda, don tana ɗaukar zafi nan take har ta yi tsartuwa. Ba a haɗawa a tukunyar alminiyam irin wadda muke tuwo da ita, soda tana cin ta. Roba mai kauri ake nema. Bayan an yanka sabulun a bar shi ya sha iska mako huɗu zuwa shida. Na san mai jarin dubu goma ba ta son jin wannan, tana so ta sayar jibi ta sake saro kaya. Amma mai sayen da sabulu ya narke masa a kwana uku ba zai dawo ba.

Sai batun yara. Ruwan soda garau yake kamar na sha, ba launi, ba wari. Likitoci a ƙasar nan sun sha ganin yaran da suka kurɓa, maƙogwaro ya ƙone ya tsuke, har abinci ya gagara wucewa. Sau da yawa a gidajen masu haɗa sabulu abin yake faruwa, an jiƙa soda a bokiti ko gorar ruwa an ajiye a tsakar gida don ta huce. A gidan da yara goma suke kai da kawo, wannan bokitin ɗaki mai kwaɗo yake buƙata.

'Yar ƙanwata dai ta samu wani mahauci da yake ware mata kitsen ƙoda duk ranar Asabar. Sikelin ni na saya mata, da sharaɗin sabulun farko nawa ne. Yana nan shanye a saman kwabarta, saura mako biyu.