Tuwon tsakar dare a Birmingham

A shekarata ta farko a Birmingham na sha mamakin jin abokan aikina Turawa suna cewa ɓacin rai ne ya sa suka cinye kwalin cakulan ko robar askirim a zama ɗaya, domin a Kano, inda na tashi, abin da muka sani shi ne damuwa tana hana mutum cin abinci, har sai an zauna kusa da shi ana lallashi, ana cewa, "Daure ki sa wani abu a cikinki." Ban fahimce su ba sai da sanyin Disamba ya kankama, lokacin da rana ke faɗuwa kafin ƙarfe 4 na yamma, na wayi gari ina tuƙa tuwon shinkafa da ƙarfe 1 na dare alhali ba yunwa nake ji ba.

Likitoci suna da bayaninsu. Idan damuwa ta daɗe, jiki yana ƙara fitar da sinadarin kotisol, wanda ke buɗe ciki ya kuma sa rai ya riƙa biya wa mutum maiƙo da zaƙi. Ƙamshi kuma yana da gajeriyar hanya zuwa sashen ƙwaƙwalwa mai adana abubuwan da suka wuce, shi ya sa da zarar na kwance ƙullin daddawa sai in ga tsakar gidanmu, in ga Inna ta durƙusa tana kaɗa miyar kuka da maburgi.

Ban musanta wannan ba, amma a ganina bambancin can da nan yana wurin wanda ke riƙe da mara. A gida, abincin mai baƙin ciki daga hannun wasu yake fitowa. Tun lokacin da Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya yi shahada a yaƙin Mu'uta, a shekara ta 8 bayan Hijira, Manzon Allah (SAW) ya yi umarni a dafa wa iyalinsa abinci, kuma har yau a gidan makoki kwanukan maƙwabta ne ke shigowa. Wadda ta kawo kwanon ita ce ke zama ta ga an ci, ita ce kuma ke ɗauke shi idan an ƙoshi. A nan kuwa firji ba ya tambayar kowa abin da ke damunsa, mai kawo abincin da aka yi oda ta waya kuma a bakin ƙofa yake miƙa leda ya juya, saboda haka babu mai cewa ya isa.

Dokar Birtaniya ta hana matafiyi shigo da nama da kayan madara daga Najeriya, don haka kilishi da man shanu sai dai a waya nake ganinsu. Kuka da daddawa ne ke tsallakowa. Yanzu idan wannan kwaɗayin ya taso, nakan jira gari ya waye in kira wata maƙwabciyata 'yar Damagaram, ta zo da yajinta mu sa hannu a kwano ɗaya. Malmala biyu takan ishe mu, ragowar kuma ta zama ɗumame.