Minti goma a shagon mota bai isa a yanke wa Land Cruiser hukunci ba

Duk lokacin da sabuwar mota ta fito, ra'ayin da ke fara cika Facebook da TikTok na waɗanda ba su tuƙa ta ba ne. An je inda aka baje ta, an buɗe ƙofa, an zauna a kujerar direba, an shafa sitiyari, an ɗauki bidiyo, sai a fito da hukunci: ko dai "wannan ta gama da kowa", ko kuma "kamfanin nan ya lalace". Ni ma mai son mota ne, kuma ina zuwa kallon. Abin da ke damuna shi ne nauyin da muke ba wannan ra'ayi na minti goma, har mutane su zuba miliyoyi a kansa.

Mu ɗauki Land Cruiser 300, tunda ita ce aka fi yi wa wannan hayaniya a 'yan shekarun nan. Toyota ta bayyana ta a watan Yunin 2021, ta gaji samfurin 200 wanda ya riƙe kasuwa tun 2007. Shekara goma sha huɗu ana jira, don haka ba abin mamaki ba ne da mutane suka yi cincirindo a shagunan Japan da Dubai da Ostareliya. Ga ƙarancin ƙananan na'urorin kwamfuta da ya biyo bayan annobar korona ya tsayar da masana'antun mota. A farkon 2022 Toyota da kanta ta shaida wa masu saye a Japan cewa wanda ya yi oda zai iya jiran shekara huɗu. An kuma ruwaito cewa dillalan can suna sa mai saye ya sa hannu a kan ba zai sayar da ita nan da nan ba. Abin da ya yi wuyar samu kuwa, daraja yake ƙarawa a ido tun kafin a san halinsa.

Da ta iso Abuja na je wani shago na gan ta. Baƙa ce, kujerun na cikin leda, fitilun shagon na sheƙi a jikinta. Wani Alhaji ya rufe ƙofar baya, ya sake buɗewa ya rufe, yana sauraron ƙarar. Yaron shagon na biye da shi: "Ranka ya daɗe, duba allon nan, inci goma sha biyu ne da ɗoriya. Ga firji a tsakiya, ga kyamara ta kowace kusurwa." Alhaji ya gyaɗa kai. Sai direbansa, wani dattijo da ya tsaya daga gefe, ya ce a hankali, "Alhaji, a buɗe mana gaban mu gani." Da aka ɗaga bonet ya leƙa ya daɗe, sannan ya tambayi yaron wane baƙin mai take sha, kuma wa ke gyaran irin wannan injin a garin nan. Yaron ya ce zai tambayi manaja. A duk wanda ke wurin, tambayar dattijon nan ce kaɗai ta shafi rayuwar motar bayan ta bar shagon.

Mutanen da suka fito daga irin waɗannan shaguna sun rabu gida biyu, kuma ina ganin dukkansu sun yi gaggawa.

Na farko su ne masu makokin V8, wato tsohon injin mai silinda takwas. Gaskiya ne an cire shi. A madadinsa an sa injin fetur mai silinda shida, lita 3.5, da turbo biyu (na'urar da ke cusa iska cikin inji don ƙara masa ƙarfi), sai na dizal mai lita 3.3, duka da giya goma. Na fahimci ciwon, domin a wurinmu wannan injin ya riga ya zama sunan motar ma. Amma wanda ya ce an rage mata ƙarfi bai duba lissafi ba. Sabon injin fetur ɗin yana ba da ƙarfin doki sama da 400, alhali babban V8 mai lita 5.7 da ake yi wa kuka bai wuce 381 ba. Ga shi an rage wa motar nauyin kusan kilo 200. Har yanzu gangar jikinta a kan ƙarfen shasi take zaune, kuma tazarar da ke tsakanin tayun gaba da na baya tana nan milimita 2,850, yadda take tun samfurin 80 da iyayenmu suka sani. Wato waɗanda suka ƙera ta ba su watsar da tushe ba. Wanda ya tsaya a shago ya ji an tayar da ita, bai ji gurnanin da ya saba ba, ya ce ta mutu, kunnensa ya bi.

Na biyu su ne waɗanda allo da fata da ƙamshin sabunta suka tafi da su. Waɗannan na fi jin tsoronsu, domin su ke sa a saya. Land Cruiser ba ta yi suna da allo ba. Tun 1951 da aka fara ƙera kakarta, abin da ya sa aka sayar da sama da miliyan goma kafin ƙarshen 2019 shi ne za ta kai ka inda babu hanya, ta kuma dawo da kai. Shi ya sa ƙungiyoyin agaji da masu ratsa hamada tsakanin Agadas da Dirku suka riƙe samfurin 70, wanda ake ƙerawa tun 1984 ba tare da wani ado ba. Wannan halin ba a ganinsa a ƙarƙashin fitilar shago. Hausawa sun ce ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa, kuma mota irin wannan sai ta ci kilomita dubu ɗari da wani abu a kan hanyarmu, da manmu, a hannun kanikawanmu, kafin a san ko ta gaji gidansu.

Ba kuma don son jayayya nake faɗa ba. A 2024 Toyota ta nemi a mayar mata da motoci kusan 102,000 a Amurka don gyara, Tundra da Lexus LX na 2022 da 2023, saboda ɓurɓushin ƙarfe da ake zargin ya saura a cikin injin tun daga masana'anta, wanda zai iya cinye shi har mota ta mutu ana cikin tafiya. Daga baya kamfanin ya ce zai canza injin gaba ɗaya kyauta. Lexus LX 600 ƙanwar Land Cruiser 300 ce, injin fetur ɗinsu dangi ɗaya ne. Wa ya hango wannan a 2021 yana shafa kujera? Babu. Na yaba wa kamfanin da ya fito ya ɗauki nauyin abinsa. Amma ka tambayi kanka: wanda ya sayo tasa ta hannun ɗan kasuwa daga Dubai ko ta Kwatano, ba ta hannun wakilin kamfani ba, in irin haka ta taso, ƙofar wa zai buga?

Nan ne maganar ta zo gida. Injin mai turbo biyu ba ya yafiya kamar tsohon V8. Yana son baƙin mai siriri irin 0W-20, na gaske ba jabu ba, a kuma canza shi a kan lokaci. Yana son fetur mai tsabta. Mu kuwa ba mu manta da watan Fabrairun 2022 ba, lokacin da aka shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol ƙasar nan, motoci suka riƙa mutuwa, aka koma dogon layi a gidajen mai. Dizal ɗin da aka daɗe ana kawowa Afirka ta Yamma ma an sha kokawa da yawan sinadarin salfa a cikinsa, wanda sababbin injuna ba sa jurewa. Ƙurar hunturu tana nan, zafin watan Afrilu yana nan. Sannan gyara. Bakaniken da ya ƙware a V8 a Ƙofar Ruwa ko Panteka ko Apo yana iya gane ciwonta da kunne. Wannan kuwa sai an jona kwamfuta, kuma ba kowace kwamfuta ba. Rufinta da ƙofofinta da bonet na alminiyom ne, wanda ya taimaka wajen rage nauyi, amma je ka tambayi mai bugun jikin mota ko yana buga alminiyom yadda yake buga ƙarfe. Ƙaramar gogayya da Keke Napep na iya zama sayen ƙofa sukutum, da dala.

Akwai ma abin da ido ke gani a shagon amma ɗoki ya hana a lura. Tsohuwar tana da ƙofar but mai rabi biyu, a ɗaga na sama, a sauke na ƙasa ya zama benci. A kai ake zama a ci abinci a hanya, a kai ake ɗora buta a yi alwala, shi ke tare kaya kada su zubo in an buɗe. A 300 an mayar da ita ƙofa ɗaya mai ɗagawa sama. Mai tafiyar nesa zai ji wannan rashin a kowace tafiya, amma a bidiyoyin farko da na gani, maɓallin tayarwa mai karanta zanen yatsa ya fi samun magana.

Kada a ɗauka ina kushe motar. Na zauna a ciki, zaman ya yi daɗi, kuma na yi imani mutanen da suka ƙera ta sun san aikinsu. Ra'ayin farko ma yana da amfaninsa: a shago za ka san ko kujerar baya ta ishe iyalinka, ko kana ganin hanya sosai, ko na'urar sanyi tana kai wa layi na uku. Iyakarsa ke nan. Abin da nake ƙi shi ne a ɗauki wannan a kira shi shaida a kan ƙarko, sannan dillali ya ɗora riba a kan ɗokin, mutum ya biya ƙarin miliyoyi don kawai a ce shi ya fara shiga da ita unguwa. Wanda ya yi haƙuri shekara biyu ko uku yakan samu an gyara kurakuran farko, kayan gyara sun shigo kasuwa, kanikawa sun buɗe ta sun san cikinta.

Yanzu ga shi ana maimaita abin da sabuwar Prado, samfurin 250 da aka bayyana a watan Agustan 2023. Masu yabo na yabon siffarta mai kusurwa da ta tuna musu da tsofaffin, masu suka na sukar sitiyarin lantarki da aka sa mata. Duka daga cikin shago ake maganar.

Don haka ina roƙon direbobin manyan mutane da na ƙungiyoyi, da kanikawan da suka riga suka kwance 300 da hannunsu, ku yi mana magana. Ku gaya mana kilomita nawa ta ci, me ya fara lalacewa, turbo ɗin ya jure ko bai jure ba, lita nawa take sha daga Abuja zuwa Maiduguri da kaya a baya, da kuma nawa aka kashe a gyaran da ya fi tsada.