Ba al'ada kaɗai ba ce, ku duba tarihin gonakin rake

Marubucin wani labari ya ce jikokin Japanawa a tsibiran Hawai sun zarce jikokin mutanen Fotugal a karatu da samun kuɗi, sannan ya jingina komai ga "al'ada". Malam, wannan bayanin ya yi gajarta.

Mutanen Fotugal sun fara isowa a 1878, akasarinsu daga tsibiran Madeira da Azores, da iyalansu. Da yake Turawa ne, masu gonakin rake sukan ba su shugabancin lebura da albashi mafi tsoka. Amma nan ne iyakarsu, manyan kujeru na Turawan Amurka da Birtaniya ne. Da yawa suka gaji suka wuce Kalifoniya.

Japanawa kuwa sun zo da yawa daga 1885, a ƙasan tsani. Matsin ne ya haɗa kansu. Sun yi yajin aiki a 1909 da 1920, suna kuma yin tanomoshi, wato adashi irin namu, su buɗe shaguna su bar gona. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, 'ya'yansu da suka yi yaƙi a Turai sun samu tallafin karatu na tsofaffin sojoji, suka dawo lauyoyi, suka shiga jam'iyyar Democrat wadda ta karɓe majalisar dokokin Hawai a 1954. Daga cikin 'ya'yan Japanawan Hawai, Daniel Inouye ya zama sanatan Amurka, George Ariyoshi ya zama gwamnan Hawai a 1974. Ga yawan ƙuri'a, wanda mutanen Fotugal ba su da shi. Me ya sa labarin bai taɓo wannan ba?