Kajin Fair Oaks ba ɓatattu ba ne

Baƙon da ya shiga Fair Oaks, a gefen birnin Sakaramento na jihar Kalifoniya, yakan ga kaji suna kiwo a dandali da bakin shaguna, sai ya ɗauka daga akurkin wani suka ɓalle. Ba haka ba ne. Ba su da mai su, a nan ake ƙyanƙyashe su, a kan bishiya suke kwana.

An kafa garin a 1895 don noman lemu. Sanyin 1932 ya kashe gonakin da yawa, daga baya gidaje suka cinye filayen. Kajin ne ke tuna wa mazauna cewa da can ƙauye ne, har biki ake yi musu a watan Satumba. Wasu na ƙorafin carar asuba, amma a ganina korarsu asara ce.