Tataccen wiwi ya iso fadar samarinmu ta cikin salula

A makon jiya bayan sallar isha'i ina zaune a fadar samarin unguwarmu a nan Maraɗi, muna jiran a sauke shayi na biyu, sai ɗan yayata ya miƙo mini salularsa ya ce, "Kawu, dubi wannan, shi ai ba irin na 'yan tasha ba ne." Bidiyon wani Ba'amurke ne riƙe da 'yar kwalba mai ɗauke da wani abu rawaya kamar daskararriyar zuma, yana koya wa sababbin shiga yadda ake fara shan tataccen wiwi, cikin natsuwa kamar malami a aji. Tsabtar abin ce ta tayar mini da hankali, domin yaron bai ga nadin takarda ko jajayen idanu ba, har ya ɗauka magani ne.

Duk ɗan Maraɗi ya san yadda iyayenmu mata ke matse gyaɗa su fitar da mai su bar tunkuza. Haka ake yi wa ganyen wiwi, a tatso sinadarin da ke bugarwa, wanda ake kira THC, a mayar da shi danƙo ko mai. Ganyen da ake kamawa a Amurka a farkon shekarun 1990 sinadarin da ke cikinsa galibi bai wuce kashi 4 cikin ɗari ba, amma tataccen na yau yakan kai kashi 60 zuwa 90. Saboda haka wanda ya ce "ai ganye ne Allah ya halitta" yana magana ne a kan wani abu dabam da wanda ke cikin kwalbar nan.

Ƙwaƙwalwar mutum ba ta gama nuna sai wajen shekara 25, ga shi kuwa masu kallon irin wannan bidiyo a wurinmu samari ne da ba su kai haka ba. Wani babban bincike da aka wallafa a 2019, wanda ya haɗa biranen Turai da Brazil, ya nuna cewa masu shan wiwi mai ƙarfi kullum sun kusan ninka waɗanda ba su taɓa sha ba sau biyar wajen kamuwa da taɓin hankali, kuma abin da aka kira mai ƙarfi a binciken shi ne wanda ya kai kashi 10 kacal. Bayan wannan akwai faɗuwar gaba, da amai mai yawan dawowa, da rashin barci da zafin rai ranar da mutum ya yi niyyar bari.

Hujjar samarin ita ce Kanada ta halatta. Gaskiya ne ta halatta a 2018, amma sai bayan shekara guda ta yarda a sayar da tataccen, da sharaɗin shekaru da gwaji da rubuta ƙarfinsa a jikin kwali. Ko a Amurka, man wiwi na bayan fage da aka gauraya da wani nau'in bitamin E ya kwantar da mutum fiye da 2,800 da ciwon huhu tsakanin 2019 da farkon 2020, 68 suka rasu. To, mu wa zai gwada mana abin da aka ƙulla a leda aka miƙa wa yaro a bayan tasha? Dokar Nijar ta haramta shi, kuma kayan ba su yi mana nisa ba, tunda a 2021 an kama tan 17 na danƙon wiwi a Yamai. Mun riga mun ga abin da tramol ya yi wa 'yan kabu-kabu da 'yan ga-ruwa, wanda shi ma da sunan maganin gajiya ya shigo.

Ra'ayina shi ne zagi da tsinuwa ba za su hana ba, domin yaron da aka kora daga zaure wurin mai sayarwa zai nufa. Wanda ya riga ya fara, har ya soma surutai ko zargin ana bin sa, a kai shi likita da wuri tare da addu'a, kada a jira sai an kai ga ɗaure shi da mari.

Ɗan yayata ya rantse mini bai taɓa sha ba, na kuma yarda da shi. Sai dai ya gaya mini cewa abokinsa ne ya turo masa bidiyon ta WhatsApp, kuma su goma sha biyu ne a zauren na WhatsApp. Na roƙe shi ya tara mini su ranar Juma'a bayan la'asar, ni zan sayi ganyen shayi da sukari.