Ranar da Sifiri Ya Zama Shugaba

Ni fa duk abin da na yi, da kyakkyawar niyya na yi shi. Ina da wata manhaja da nake sarrafa hotuna masu motsi da ita, kuma in ta kama aiki ba ta san a bar wa wani ba. Tana farawa kwamfutata za ta shiga tafiyar hawainiya. Sai na ce bari in koya mata ladabi.

Ga wanda bai taɓa leƙa cikin Linux ba, katin hoto, wato GPU, ba ya karɓar aiki kai tsaye daga kowa. Akwai mai tsara layi a cikin kanel, wato zuciyar Linux da ke tafiyar da kayan kwamfuta. Mai tsara layin nan asalinsa na direban katunan AMD ne, wato shirin da ke sarrafa katunan kamfanin AMD, aka fitar da shi a 2018 don sauran direbobi ma su amfana. Layuka huɗu yake da su: na kanel, na manya, na gama-gari, sai na 'yan baya. Dokarsa guda ce, kuma ba ta da tausayi: muddin akwai aikin da ya shirya a layin sama, ba zai ko kalli na ƙasa ba. A cikin layi ɗaya ne kawai ake bin wanda ya riga zuwa. Manhaja ma ba ta isa ta kai kanta layin manya ba sai da izini na musamman.

To ni ba sama nake nema ba, ƙasa nake so a kai ta. Na buɗe rubutun direban, na yi ɗan faci na sadara uku: duk aikin da ya fito daga manhajar nan, a jefa shi layin 'yan baya. Kowane layi yana da suna, yana kuma da lamba. Sunan dogo ne, ni kuma ga ƙiwa. Na duba na ga na 'yan baya shi ne 0, na kanel 3. Sai na buga 0 abina, na harhaɗa, na kunna. Ya yi aiki kuwa! Wata da watanni manhajar tana can baya tana jiran ragowa, ni kuma ina yawo ina gaya wa duk wanda ya tsaya saurare cewa na taɓa gyara kanel da hannuna.

Wanda ya fi shan wannan labari shi ne ƙanena. Ya ji shi ya fi sau ashirin.

Ana nan sai na sabunta zuwa kanel 6.8, wanda ya fito a watan Maris na 2024. Na ɗora facina a kai, ya zauna daram, ba ƙorafi ko ɗaya. Me zai sa a yi ƙorafi? Sifiri lamba ce mai kyau. Na kira ƙanen nawa na ce ya ja kujera, yau zai ga abin da ake kira ƙwarewa. Na buɗe bidiyo a gefe guda, na saki manhajar da aiki mafi nauyi da nake da shi, na harɗe hannu a ƙirji.

Mutumin da ke cikin bidiyon ya buɗe baki zai yi magana, bai rufe ba. Muryarsa na ci gaba da fita, amma fuskar ta tsaya cak, ido ɗaya a rufe rabi. Agogon da ke kusurwar allo ya daskare. Fankar katin ta ɗauki ƙara kamar za ta tashi da teburin.

"Yaya, haka ake so ya yi?"

Na ce masa ya yi haƙuri, tsarin yana daidaita kansa ne. Ban san ma'anar wannan magana ba, amma ta fito da nauyi.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne kibiyar linzami. Komai ya mutu, ita kuwa tana yawo lafiya lau, domin katin yana zana ta ne a wani faifai na daban, ba ta bin layin kowa. Sai ga ni ina zagaya ta a kan allon da ba ya amsawa, ina danna nan, ina danna can, ina gyara murya. Na danna alamar rufe taga sau bakwai. Bayan wani lokaci mai tsawo fuskar mutumin ta motsa sau ɗaya, ya rufe wancan idon ya buɗe ɗayan, ta sake tsayawa.

"Yaya, ko in kawo maka tawa kwamfutar?"

Ban amsa ba. Na danne maɓallin kashewa har sai da fankar ta yi shiru.

Daren nan ban yi barci da wuri ba. Na zargi katin, na zargi zafi, na zare wayoyi na mayar, har ƙura na busa. Sai can wajen ƙarfe biyu na buɗe fayil ɗin da aka jera sunayen layukan, na ga abin da ya sa na dafa kai. An juya jerin. Yanzu layin kanel ne 0, na manya 1, na gama-gari 2, na 'yan baya 3. Kuma ba don mugunta aka yi ba: an ba direbobi damar rage yawan layukansu, don haka aka mai da mafi daraja farkon jeri, yadda ko layi ɗaya direba ke da shi, lamba 0 tana nan. Duk wanda ya rubuta suna bai faɗa wannan rami ba: ko dai sunan ya bi sabuwar lambarsa, ko kuma, kamar na 'yan baya da aka canza wa suna, a yi masa ƙorafi tun wajen harhaɗawa. Wanda ya rubuta lamba tsirara kuwa, ni ke nan.

Wato manhajar da na kora can baya, da hannuna na ɗauko ta na zaunar a layin da aka keɓe wa kanel don ayyukan kansa. Ita kuma ba ta taɓa rasa aikin da ya shirya ba, shi ya sa allon ya yi ta jira a bakin ƙofa.

Abin kunyar ma, na san wannan tarko tun tuni. Umarnin nice na Linux, wanda ake saita fifikon aiki da shi, daga -20 yake farawa ya ƙare a 19, kuma ƙaramar lamba ce babba. Shekarun baya na taɓa ba wani aiki 19 ina ganin na karrama shi.

Na goge sifirin, na rubuta dogon sunan harafi bayan harafi. Da safe na kira ƙanena na yi masa bayani dalla-dalla, ina kaucewa duk inda kalmar ƙiwa za ta shigo. Ya saurara da ladabi, yana gyaɗa kai. Da na gama ya ɗan yi shiru, sannan ya ce:

"To Yaya, tsohon facin nan, kar ka goge shi. Wasana nake so ka sa wa sifiri."